Injiniyan da Ba Ya Ɗaga Waya

Ina son waya kamar raina, muddin babu kowa a ɗaya gefen. Wannan ita ce larurata, kuma tun da dangi sun gama yi da ni a kanta daga Kano har Maraɗi, gara in faɗa da bakina. Ba na kira. In an kira ni kuwa, sai in zuba wa wayar ido tana ta rawa a kan tebur har ta gaji ta yi shiru, sannan in rubuta cewa ina wani uzuri, zan kira anjima. Anjimar nan tawa ba ta da ranar zuwa. Hajiya kaɗai ta tsira, ita ma don ina tsoron Allah ne, ina kuma tsoron bakin uwa. Amma gwaggo da kawu, yayye da ƙanne, da abokan makarantar allo, duk suna cikin layin waɗanda zan nema in an kwana biyu.

Da a ce fasahar ce na tsana baki ɗaya, da an yi min uzuri, an ce ai mutumin da ne, a ƙyale shi. To, ni ne fa mutumin da ya cinye dararen hunturu a unguwar Petworth, arewa maso yammacin birnin Washington, yana ƙera wata 'yar na'ura ta sawa a aljihu, wadda ba ta da aiki a duniya sai fitar da ƙarar da waya take yi idan an danna lamba.

Ɗauki wayarka ka danna 5, ka kasa kunne. Wannan 'yar ƙarar da ka ji biyu ce a haɗe, kuma tana da tarihi. A da, juya faifai ake yi da yatsa. In ka juya 7, wayar za ta katse wutar layin sau bakwai, in sifili ne sau goma, injin da ke babban ofishin waya kuma yana ƙirgawa. Ranar 18 ga Nuwamba 1963 kamfanin Bell ya fara samar da waya mai maɓallai a garuruwan Carnegie da Greensburg na jihar Pennsylvania, aka daina ƙirga, aka koma saurare. Kowane layi na kwance aka ba shi sautinsa: na sama yana kaɗawa sau 697 a sakan guda, na biyu 770, na uku 852, na ƙasa 941. Layukan tsaye kuma 1209, 1336 da 1477. Kowane maɓalli yana mahaɗar layi biyu, saboda haka 5 ita ce 770 da 1336 a tare, sifili kuma 941 da 1336. Hatta jerin lambobin sai da aka yi bincike a kansa. Wani masanin halayyar ɗan'adam haifaffen Johannesburg, John Karlin, shi ya jagoranci masu gwada siffofi iri-iri a kan mutane, har aka tsaya a kan 1, 2, 3 a sama, saɓanin kalkuleta. Duk wannan na haddace shi. In ka tashe ni daga barci zan rera maka 234 na Najeriya da 064 na tsohuwar wayar Kano, sauti bayan sauti. Lambar ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya kuwa, sai na duba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne dalilin zaɓen waɗannan alƙaluma marasa kan gado. An zaɓe su ne yadda babu wanda yake ninkin wani, kuma in ka tara biyu ko ka ɗebe ɗaya daga ɗaya ba za ka faɗa kan na uku ba. Manufar ita ce kada maganar mutum, ko waƙa, ko kukan jariri a kusa da waya su ruɗi injin ya ɗauka lamba aka danna. Wato manyan injiniyoyi sun zauna sun yi ta lissafi har suka samo sautin da bai yi kama da muryar ɗan'adam ba. Ranar da na karanta haka sai na ji kamar don ni aka yi.

Kayan haɗin ba su da yawa. Akwai aisi guda mai lamba 5089, wanda aka ƙera musamman don wannan aiki. Akwai wani ɗan ƙaramin kiristal mai kaɗawa sau 3,579,545 a sakan, wanda asalinsa na talabijin mai launi ne na Amurka, aka yi ta buga shi miliyoyi har ya zama kamar kyauta. Aisin shi yake rarraba wannan adadi ya fitar da sautukan nan. Sai maɓallai, da taransista, da rasista 'yan kaɗan, da 'yar sifika, da batir mai bolt 9, da gwangwanin alewa da zai zama gida. A Kano, zagaye ɗaya a Sabon Gari ya isa ka haɗa irin waɗannan tarkace, har mai shagon ya ba ka shawara kyauta. A nan kuwa shagunan RadioShack, waɗanda a da har irin wannan na'ura suke sayarwa a haɗe ga masu son jin saƙonnin da aka bar musu a gida daga nesa, sun durƙushe tun 2015. Sai dai ka yi oda ta intanet ka jira ɗan aike. Wannan ma ya yi min daidai, domin ba sai na yi magana da kowa ba.

Aikin dalma yana da daɗin da wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Ka goge bakin ƙarfen dalmar a jiƙaƙƙen soso ya yi cuu, ka ɗora shi inda ƙafar aisin ta leƙo ta ramin fanel, ka ɗan dakata wurin ya ɗau zafi, sannan ka kawo dalmar. In ta narke ta kwanta lumui tana sheƙi, aiki ya yi. In ta dunƙule ta yi toka-toka, ba ta kama ba ke nan, sai an sake. Wani siririn hayaƙi mai ƙamshin ƙaro zai taso, kuma ko ta ina ka karkata fuskarka zai bi. A gidajen nan kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi manne a silin, don haka a tsakiyar sanyin Janairu nake buɗe taga, ina aiki da hular sanyi da rigar sanyi biyu, yara suna tsine wa kimiyya daga cikin bargo.

Amma babbar falalar dalma ita ce tana cin hannu biyu: ƙarfe a dama, dalma a hagu. Babu hannun ɗaga waya.

"Malam, wayarka fa tana ta kuka, Yaya ne," in ji uwargida daga ƙofa.

"Kin ga hannuna ba sarari."

"To in ɗaga in kara maka a kunne?"

"A'a, dalma ba ta son surutu."

Ta tsaya ta dube ni, ta dubi gwangwanin alewar. "Wai me abin nan zai yi in ka gama?"

Na ce ƙarar kiran waya zai yi. Ta ce, "Ikon Allah. Ga kira a gabanka ka ƙi ɗagawa, kana can kana ƙera ƙararsa."

Ban ko tsaya a maɓalli goma sha biyu kamar kowa ba. A tsarin asali akwai layi na huɗu na tsaye, mai kaɗawa sau 1633, da maɓallan A, B, C da D, waɗanda ba a sa wa wayoyin gida ba. Sojojin Amurka ne suka yi amfani da su a layukansu na musamman don nuna girman kira. Wanda ya danna A, in layi a cike yake, sai a katse na ƙasa da shi a ba shi hanya. Na ce ai dole tawa ta samu waɗannan. Yanzu haka a aljihuna akwai maɓallin da a zamaninsa janar-janar ke dannawa a kauce musu, ga shi a hannun mutumin da bai iya kiran kawunsa ya yi masa barka da Sallah ba.

Da aiki ya kammala na danna 1, sifikar ta yi ƙara tsaf, sai da na miƙe tsaye don murna. Daga nan kuma sai tambayar uwargida ta dawo: me za a yi da shi? Gidanmu babu wayar girke, kamar yawancin gidajen maƙwabta. Wayar salula kuwa ba da sauti take aika lamba ba, a rubuce take tura ta ga na'urorin kamfani. Ƙarar da kake ji don kunnenka kawai aka bar ta. Wuri ɗaya ya rage da sautin yake aiki na gaske: bayan an haɗa layi, inda inji yake cewa danna 1 don kaza, danna 2 don kaza. Sai na kira layin bankina, na kara gwangwanin a bakin waya, na danna. Injin ya amsa. Na sake dannawa, ya karanto min abin da ya rage a asusu, wanda ba wani abin alfahari ba ne, amma na ji daɗi kamar an yi min albishir da kujerar Makka. Daga nan na bi layin kantin magani, na bi na kamfanin wuta. A mako guda na yi kiran da ban yi ba a shekara, kuma ko ɗaya ba mutum ne ya ɗauka ba. Inji ba ya cewa ka yi wuyar ji, ba ya tambayar yaushe za ka zo gida, kuma in ka kashe masa waya a tsakiyar magana ba ya kai ƙararka wurin Hajiya. Uwargida ta ce ni da injin banki mun fi zumunci.

Abin kunyar shi ne waɗanda suka fara irin wannan wasa ƙishirwar magana ce ta kai su. A wancan zamani kiran nesa tsada gare shi, kuma umarnin da injinan kamfani suke ba juna a cikin hanya ɗaya yake tafiya da muryar mutane. Wani yaro makaho, Joe Engressia, yana ɗan shekara bakwai ya gano cewa in ya yi fito daidai kaɗawa 2600, injin sai ya ɗauka an ajiye waya, layin nesa ya zauna a buɗe. John Draper ya yi suna da wani usur ɗin roba da ake sakawa kyauta a kwalin abincin yara na Cap'n Crunch, wanda shi ma wannan sautin yake fitarwa, kuma an kama shi a 1972. A watan Oktoba 1971 mujallar Esquire ta buga dogon labarin waɗannan mutane daga alƙalamin Ron Rosenbaum. Steve Wozniak ya karanta, ya ƙera nasa akwatin mai fitar da irin waɗannan sautuka, shi da abokinsa Steve Jobs suka riƙa sayar wa ɗalibai, shekaru kafin su kafa Apple a 1976. Wozniak har Fadar Fafaroma ya kira, ya ce shi ne Henry Kissinger, aka ce masa Fafaroma yana barci. Tuni kamfanoni suka toshe wannan ƙofa, suka raba hanyar umarni da hanyar murya, kuma tawa na'urar halal ce, ba ta satar ko kwabo. Amma ka duba lamarin: mutum ya yi kasadar ɗauri don ya kira Fafaroma, wanda ba dangin iya ba na baba. Ni ga gwaggota a Ƙofar Mata, kyauta, na kasa.

Mu ma a gida haka ƙishirwar take. Kafin zuwan wayar salula ta GSM a watan Agusta 2001, layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Mai ɗa a Jidda ko Landan sai ya tafi gidan wani Alhaji mai waya, ya zauna a zaure tun la'asar yana jiran ƙararrawa. Waɗanda ba su da wannan gata kaset suke ɗauka, kowa a gidan ya zo ya yi gaisuwarsa, a ba matafiyi ya kai. Da salula ta zo, minti ɗaya naira 50 ne, aka ƙirƙiro filashin don mai hali ya biyo baya. Yanzu ga WhatsApp, murya da hoto, ba ko sisi sai kuɗin data. Duk wani uzuri da magabata suke da shi, fasaha ta bi ta ƙwace min.

Da na rasa mafaka sai na nemo waliyyi, kuma ban yi nisa ba, domin Alexander Graham Bell a wannan sashe na birnin Washington ya zauna. A mahaɗar titi na 13 da titin K akwai tsohon ginin makarantar Franklin. Daga rufinsa ne a watan Yuni 1880 mataimakinsa Charles Sumner Tainter ya yi magana a kan hasken rana, Bell ya ji shi a ɗakin bincikensa da ke titin L, nisan mita 213, ba tare da igiya ba. A shekarar ce Faransa ta ba shi kyautar Volta ta faran 50,000, ya kafa ɗakin bincike da kuɗin, kuma har yau ginin Volta Bureau na 1893 yana nan a titi na 35 a Georgetown. Abin da ya kai ni gare shi dai guda ne: mutumin da aka ba shaidar ƙirƙiro waya a 1876 ya ƙi yarda a sa masa ita a ɗakin karatunsa, wai tana raba masa hankali. Na dawo gida da wannan hujja ina taƙama. Uwargida, wadda ashe ta fi ni karanta allunan da ke jikin gine-ginen, ta ce mahaifiyar Bell da matarsa Mabel duk kurame ne, ko ya kira ba za su ji ba, kuma ya ƙare rayuwarsa yana hidimar kurame. "Kai naka dangin kunnensu garau." Ta ƙara da cewa ranar jana'izarsa a watan Agusta 1922 minti ɗaya tak wayoyin Amurka da Kanada suka yi shiru don girmama shi, ni kuwa ban san wanda nake girmamawa da nawa shirun na wata da watanni ba.

In za a bi gaskiya, hujjar bambancin lokaci ma ba ta tsayawa. Tsakaninmu da gida awa biyar ne da bazara, shida da hunturu. Da safe sai in ce suna wurin aiki, da rana in ce ni ina wurin aiki, da na tashi kuma in ce ai sun kwanta. Asabar da Lahadi ne suke tona min asiri. Ainihin ciwon a wani wuri yake. Kiran gida ba a yin sa a tsaitsaye. Sai an tambayi gajiya, da iyali, da sanyi, da aiki, sannan wayar ta zaga gidan hannu zuwa hannu har ta kai ga jaririn da ba a haifa ba lokacin da na taho. A ƙarshen gaisuwa kuma sau da yawa akwai kuɗin makaranta, ko biki, ko asibiti, daga mutanen da suke lissafin albashina da canjin dala amma ba sa lissafin kuɗin haya a Washington. Ban iya cewa babu ba, ban kuma da abin cewa to. Bayan wannan akwai wanda ba na son faɗa: duk wanda ya daɗe a waje ya san kiran da yake shigowa kafin asuba, ya san abin da yake ɗauke da shi, kuma tun daga irin wannan kira gabana bai daina faɗuwa da ƙarar waya ba. Sai jinkiri ya haifi jinkiri. Bashin gaisuwa kamar bashin mai kantin unguwa ne: da farko kunya kake ji in ka wuce, daga baya sai ka sauya hanya gaba ɗaya.

Sauya hanyar ma ba ta fisshe ni ba. Ranar Juma'a a babban masallacin titin Massachusetts, wanda aka buɗe a 1957, ana idar da salla wani ɗan garinmu ya riƙo hannuna, ya ce mahaifiyarsa ta haɗu da Gwaggo a wurin suna, ta ce a tambaya ko ina raye. Saƙon ya taso daga Ƙofar Mata, ya ratsa teku, ya same ni ina neman takalmina a ƙofar masallaci, ba aisi, ba kiristal, ba batir.

Da labarin ya isa gida, uwargida ba ta ce komai ba. Washegari da hantsi ta danna lambar Gwaggo da kanta, ta miƙo min wayar tana ringin.

"Wa nake ji haka? Ashe ana ganinku?"

"Gwaggo, ina wuni? A yi haƙuri, abubuwa ne suka yi yawa."

"Abubuwa. To madalla. Wane irin aiki ne wannan da ba ya barin mutum ya gai da iyayensa?"

A nan ne shaiɗan ya raya min in burge ta. Na ce wata na'ura nake ƙerawa, bari ma ta ji. Na kara gwangwanin, na danna mata 0, 6, 4, a hankali, yadda za ta ji daɗin kowane sauti. Aka yi shiru. Can sai na ji tana ce wa wani a gefe, "Kai, zo ka duba min, layin ya lalace." Ta dawo ta ce, "Ɗan nan, ashe wayarka ce ba ta da lafiya, shi ya sa ba a jin ka. Allah sarki, mu muna nan muna ta zarginka. In za ka zo ka taho da ita a kai Farm Centre, yaran nan ba abin da ba sa gyarawa." Na buɗe baki zan yi bayani, na ga an ba ni afuwar da ban nema ba, na ce to Gwaggo, in sha Allahu. Muka yi kusan awa guda. Na ji wanda ya yi aure, da wanda ya haihu, da rasuwa biyu da ban yi ta'aziyya ba. Ba ta roƙe ni komai ba, sai ma ta ce za ta aiko min da kuka da daddawa.

Zan so in ce na shiryu, amma a daren nan na zauna ina zana na'ura ta gaba. Sautin da ke nuna layi a buɗe yake a Amurka shi ne 350 da 440 a haɗe, na layi a cike kuma 480 da 620, yana yi yana katsewa. Na biyun nake son ƙerawa, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Sai dai uwargida ta riga ni. Ta ƙwace ƙarfen dalma ta kulle a durowar kicin, ta kafa doka: kowane liƙi ɗaya, kira ɗaya, kuma mutum za a kira, banki ba ya cikin lissafi. Sabon zanen nawa liƙe-liƙensa suna da yawa, dangi ma Alhamdu lillahi ba su da kaɗan. Saboda haka in kai ɗan'uwana ne, ka ga kirana ya shigo ba zato ba tsammani, kada gabanka ya faɗi. Ba rasuwa aka yi ba, wata ƙafar rasista ce nake son liƙawa.